Ƙyallen Lucia

Shekari bai san fuskar mahaifiyarsa ba. Ta rasu yana da shekara biyu da 'yan watanni. Hoto ɗaya da aka ce akwai, na ranar aurenta, gara ta cinye shi tun yana firamare. Babansa mutum ne da ba ya son waiwaye, in ka tambaye shi sai ya ce, "Mutuniyar kirki ce," ya ja bakinsa ya tsuke. Gwaggon da ta raine shi a Kafanchan kuwa jininsu bai taɓa haɗuwa da marigayiyar ba. Abin da Shekari ya riƙe bai wuce suna ba: Lucia Didam, 'yar wani ma'aikacin reluwe a Sabon Garin Zariya. Ko tsinken da ta taɓa riƙewa ba shi da shi.

Da haka ya girma, ya zo Samaru ya yi shekara talatin da biyar a gonakin gwajin auduga, ya yi ritaya, ya zauna a gidansa na Hayin Dogo yana kiwon zabi yana rigima da awakin maƙwabta. A ganinsa maganar ta wuce.

Sai wata Asabar cikin damina, 'yarsa Marvellous ta faɗo gidan ko sallama ba ta gama ba, da waya a hannu.

"Baba, sa tabaranka."

"In hoton bikin wata ƙawarki ne, na yafe."

"Ka dai sa."

Ya miƙa hannun hagu, ya tuna, ya janye, ya karɓa da na dama. Yana da shekara sittin amma har yau hannun nan yana riga shi. A fuskar wayar akwai wani farin ƙyalle da ya koma ruwan madara don tsufa. An jera haruffa da zare, daga na farko har na ƙarshe, sai lambobi, sai ɗan coci mai ƙararrawa. Can ƙasa, da shuɗin zare: LUCIA DIDAM 1960.

Marvellous ce ta yi ta bayani. Ana sauya kwanon rufin tsohon sito a bayan cocinsu na Sabon Gari, sai magina suka ci karo da akwatin ƙarfe. A ciki akwai ƙyallaye ashirin da uku, kowanne an naɗe shi da jarida, suna ta ƙanshin kafur. Ƙyallayen gwaji ne, irin wanda yarinya kan yi a ƙarshen koyon ɗinki don ta nuna duk abin da hannunta ya iya. Na ajin Misis Nwankwo ne, matar wani akawun reluwe, wadda ta riƙa koya wa 'yan mata aikin allura Talata da Alhamis a farfajiyar cocin. A shekarar sittin da shida ta kwashi 'ya'yanta ta shiga jirgi, ba ta sake dawowa ba. Akwatin ya zauna yana jiranta.

Ran Litinin Shekari ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya shiga bas. Har suka wuce Palladan bai san sun wuce ba. Matan Zumunta, ƙungiyar matan cocin, sun shimfiɗa ƙyallayen a kan tebura, mutane suna zagayawa suna karanta sunaye. Wannan ya ce kakarsa ce, wancan ya ce ya san gidan. Akwai sunayen Yarabawa, da na Inyamurai, da na mutanen kudancin Kaduna, da Hausawa biyu. Wata ta ɗinka zakara, wata tulu, wata tutar da aka ɗaga a shekarar. Tsohon Sabon Gari ne kwance a kan tebur.

Mama Elizabeth, shugabar Zumunta, ta ɗauko na Lucia ta ɗora masa a tafin hannu.

"Ɗauki abinka, Malam Shekari. Mu ajiya aka bar mana."

Ya tsaya yana kallo. Aikin ya tsaru, layi ya bi layi, sai dai ƙararrawar cocin ta ɗan karkace, kuma wani harafi ɗaya ya fi 'yan'uwansa ƙiba. Waɗannan kurakurai biyu su suka fi shiga ransa. Ya ga yarinya 'yar shekara goma sha huɗu ta cije leɓe, hannunta ya goce, ta ce a bar shi haka.

"Cikin su ashirin da ukun, ɗaya ce ta rage," in ji Mama Elizabeth. "Hajiya Zubaidatu, a Jushi. Idonta ya tafi, amma kanta garau. In kana son labarin mamanka, kada ka yi nawa."

Kafin ya koma gida ya biya wajen wani mai firam a bakin kasuwa, aka auna ƙyallen, ya ce a yi katako mai kyau da gilashi. Kwana uku ƙyallen yana aljihun ƙirjinsa. Ya nuna wa mai shayi, ya nuna wa maƙwabcin da suke rigimar awaki. "Ka ga ƙararrawar? Nan ne hannunta ya goce." Ran Alhamis da hantsi ya sayi lemo da dabino, ya kama hanyar Jushi.

Surukar Hajiya, Raudatu, ita ta amsa sallama. Da ta shiga ta faɗi wanda ya zo, sai ya ji murya daga tsakar gida, siririya amma mai kaifi.

"Ɗan wa?"

"Wai ɗan Lucia Didam."

Sai muryar ta ce, "To me yake yi a zaure? Ɗana ne, shigo da shi."

Tana zaune a kan tabarma a inuwar mangwaro, 'yar ƙaramar tsohuwa, idanunta sun yi fari fat. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ba ta bari ya kai ƙarshen gaisuwar ba.

"Kai ne Shekari? Kai ne ka yi min fitsari a zanen salla? Sabon zane, ko wanki bai gani ba!"

"Mama, a yafe min."

"Ban yafe ba. An ce min an kai ka Kafanchan."

"Na dawo tun tuni. Ina Samaru kusan shekara arba'in."

"Samaru!" Ta tafa hannu. "Raudatu, kin ji? Mota ɗaya tsakaninmu. Allah ya shirye ka, kai da ubanka mai bakin nan kamar an ɗinke."

Raudatu ta kawo ruwa da kunun zaƙi, ta koma ɗaki tana dariya. Hajiya ta ce tare suka tashi da Lusi, haka take kiran Lucia, gida na kallon gida a layin reluwe. Babanta masinja ne, baban Lusi mai duba ƙafafun jirgi. Tuwo ɗaya, dukan uwa ɗaya. Malamin unguwa ya yi ta surutu da aka sa ta ajin ɗinki a farfajiyar coci, babanta ya ce allura ba ta da addini.

Nan Shekari ya zaro ƙyallen.

"Mama, an samo aikin hannunta. Na ce bari in kawo miki."

Ta karɓa. Ba ta tsaya kan fuskar ba, juya shi ta yi, ta bi bayan da yatsu a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ta sake juyowa, ta laluba har ta kai kan cocin. Yatsanta ya tsaya a ƙararrawa. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ya ɗauka kuka take. Dariya ce.

"Wayyo ni Zubaidatu. Ashe ƙaryata tana nan da ranta."

"Wace ƙarya, Mama?"

"Ɗana, wannan ba hannun Lusi ba ne. Ni na yi shi. Tun daga harafin farko har sunanta. Ni 'yar gidan Musulmi, na zauna a bayan ɗakin girkinmu ina ɗinka coci, ina waige kada babata ta gani."

Shekari ya ji kamar an zare masa kujera. Ya dubi ƙararrawar.

"Amma nan... inda ya karkace..."

"Da gangan na karkata ta. In na yi shi sumul ai Misis za ta gane."

 Ya tuna mai shayi, ya tuna maƙwabcinsa, ya tuna yadda ya riƙa kai ƙyallen hancinsa ko zai ji wani abu bayan kafur. Kwana uku yana da uwa a aljihu. Ya ɗauki kofin kunu, ya mayar bai sha ba.

Makaho ya fi kowa jin shiru. Dariyar Hajiya ta tsaya.

"Na ɓata maka rai."

"A'a, Mama. Gaskiya ai ba ta ɓaci."

"Tana ɓaci mana. Zauna sosai ka ji. Ba don uwarka ba ta iya ba ne. Duk ajin nan babu mai hannunta, har da ni, kuma ni ba na yabon mutum a banza. Matsalar ɗaya ce. Lusi bahaguwa ce."

Iska ta kaɗa, ganyen mangwaro ya zubo da sauran ruwan daren jiya a kan tabarma. 

Hajiya ta ci gaba. Ta ce ɗinkin da Misis ke koyarwa na gicciye ne, zare biyu suna gittawa, kuma dole na sama ya kwanta ta gefe ɗaya a duk ƙyallen. Na bahago kuwa ta ɗaya gefen yake kwanciya, ko daga bakin ƙofa Misis tana hangowa. Sai rula a bayan hannu. Ita ma haka aka koya mata, ta yi imani duk yarinyar da ta fita da hagu daga ajinta ba mai ɗaukarta aiki. In Lusi ta koma dama, sai allura ta zama taɓarya, zare ya cukurkuɗe, yatsa ya yi jini. Ga jarrabawa ta matso, ta shekarar samun 'yancin kai, wadda ta ci za a ba ta takardar shaida. Baban Lusi ya riga ya ce in ta faɗi, ƙauye za ta koma wajen kakarta.

"Sai ta yi taurin kai. Ta ɓuya ta yi nata da hagu, wata biyu tana yi, ta ce in Misis ta ga kyansa za ta haƙura. Ranar da ta kai, duk muka taru muna kallo. Misis ta riƙe shi ta daɗe. Wallahi na ga ya burge ta. Amma sai ta miƙa mata allura ta ce ta warware sunanta, a nan, a gabanmu. Ta ce ba za a sa suna a aikin hagu a ajinta ba. Ta ba ta sati biyu ta kawo wani."

"Ta warware?"

"Tana warwarewa tana haɗiye kuka. Da muka fito ta jefa shi a kwata. Ni na tsamo. Na ce mata, ke, bar kukan nan, kina da hannun dama, ga shi nan a jikina."

Sati biyu Zubaidatu ta yi tana ɗinki biyu, nata da na ƙawarta. Ranar miƙawa Misis ta juya bayan ƙyallen, don kullum da baya take fara dubawa. Ta dubi Lusi. Ta dubi Zubaidatu.

"Ta gane. Yo ita ta koya min yadda ake ɓoye bakin zare, ta ƙi gane hannuna? Gabana ya yi ta dukan uku-uku. Sai ta ce, ƙararrawar nan ta karkace, Lucia, ki riƙa lura. Ta sa hannu a takarda. Allah ya saka wa matar nan, duk inda ƙasa ta rufe ta. Da takardar uwarka ta samu aikin ɗinkin zannuwan gado a asibiti, inda ba mai tambayar da wane hannu ka yi. A can ubanka ya gan ta, ya zo a ɗaure masa yatsa. To ka gani. Ba don ƙaryata ba, da ba a haife ka ba. Sai ka gode min."

Shekari ya dubi hannunsa na hagu.

Ya tuna Gwaggo tana ɗaure masa hannun hagu a jiki da ɗankwali duk lokacin cin tuwo. Ya tuna tana cewa, "Mu dai a zuri'armu babu bahago, ban san inda ka kwaso ba." Ashe ta sani sarai. Ya koyi ci da dama, rubutu da dama, gaisuwa da dama. Amma a gonar gwaji, inda ake haɗa auren furen auduga, a buɗe fure da hantsaki a cire abin da za a cire ba tare da an ƙuje shi ba, a ɗaure da zare, can ba mai kallo. Shekara talatin da biyar da hagu ya yi, kuma Turawa da farfesoshi duk shi suke nema in aikin ya yi tsanani. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, yana jin abin kamar wani ɗan aibi ne nasa shi kaɗai.

"Ka yi shiru," in ji Hajiya. "Cikin jikokinta akwai wanda ya gado ta?"

"Ba jika ba, Mama."

Ta juyo da fuskarta wajen muryarsa.

"Miƙo hannunka."

Ya miƙa na dama. Ta taɓa, ta ture.

"Ba wannan na baƙi ba. Ɗayan."

Tunda yake bai taɓa miƙa wa babba hannun hagu ba. Ya miƙa. Ta riƙe shi da hannuwanta biyu, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan kantar da hantsaki ya bari a babban yatsa.

"Ga ta nan," ta ce a hankali. "Kana ta yawo da ita kana nemanta."

Sai da ta saki hannun ta share ido da bakin mayafi, sannan ta ɗaga murya. "Raudatu! Ɗauko min ƙullin nan na ƙarƙashin filo."

Raudatu ta kawo wani ɗan ƙunshi. Hajiya ta kwance, ta juye abin da ke ciki a cinyarta: carbi, da zobe biyu, da tsohon ɗan makulli. Ta miƙa masa abin ƙunshin kansa.

Ƙyallen ya sha jiki. Ya yi laushi kamar tsohon ɗankwali, gefe ɗaya ya zare, akwai tabon man zafi, yana ƙanshin turaren wuta. Amma aikin yana nan. A ƙarƙashin haruffa, jirgin ƙasa ne ya taso daga dama ya nufi hagu, hayaƙinsa yana murɗawa kamar yanzu ya bar tasha. Taragu biyar, kowanne an cika shi da ƙananan ƙulle-ƙulle na farin zare. Auduga ce. Har da mutum a gefen layi, ya duƙa da guduma yana duba ƙafar jirgi. Shekari ya matso da shi kusa da tabaransa. Duk zaren sama ya kwanta ta hagu, dubbai, ba ɗaya da ya saɓa.

"Ka ga kakanka da gudumarsa?"

"Na gan shi."

"Fita rana ka ɗaga ƙasan."

Ya fita daga inuwa ya ɗaga. Wurin da aka warware fili ne, ba zare. Amma jan zare ne ta yi sunan da shi, kuma ruwan kwatar ranar ya zaunar da rinin da zaren ya bari a jikin ƙyallen. Shatar tana nan, ja-ja, kamar lalle ya kusa fita: LUCIA.

Ya daɗe a tsaye a rana. Raudatu ta leƙo, ta koma.

"Ƙyallen nan ya je Makka sau biyu," in ji Hajiya daga inuwa. "Kai ka je Urushalima?"

"Ban je ba, Mama."

"To ya fi ka yawo."

Ya dawo ya durƙusa. Ya ninke ƙyallen yadda ya gan shi, ya ɗora mata a cinya. 

"Na gani, ya ishe ni. Shekara sittin da huɗu yana hannunki. Ba zan raba ki da shi ba."

Ta ɗora tafinta a kai. Ta daɗe a haka har ya ɗauka ta karɓa. Yatsunta suna bin taragun ta cikin ninkin, ɗaya, biyu, har biyar.

"Kullum da asuba nake ƙirga su," ta ce. "Ban taɓa kwana ba shi ba, ko a asibiti." Ta ja numfashi. "Amma in na mutu, Raudatu za ta ga tsumma ne ta goge tukunya da shi."

"Kai, Hajiya!" in ji Raudatu daga ɗaki.

"Ƙarya na yi?" Ta tura masa ƙyallen. Sannan ta laluba tabarma ta ɗauko ɗayan, mai coci, ta zuba carbinta da zobbanta a ciki ta ƙulle. "Kowa ya ɗauki nasa. Dama aro ne. Sai dai da sharaɗi, ɗan Lusi. Ka riƙa kawo min shi ina taɓawa. Kuma in za ka zo, bar lemon nan, haƙorana ba sa so. Tsire nake ci."

"Da wane haƙorin, Hajiya?" in ji Raudatu.

"Ina ruwanki?"

Da azahar ya fito. A bakin kasuwa ya tsaya wajen mai firam. Mutumin ya riga ya yanka katako, ya jingina gilashin a bango. Shekari ya shimfiɗa ƙyallen a kan teburinsa. Mai firam ya duba, ya ɗauko awo, ya sake dubawa.

"Baba, ai ba shi ne na ranar nan ba. Wannan ya fi tsawo. Kuma duk ya tsufa."

"Shi ne. Sake awo."

"To gilashin fa? Sai an yanko wani."

"Bar gilashin. Ka yi shi yadda zan riƙa cirewa ina mayarwa. Akwai mai taɓawa."

Mai firam ya ɗaga kafaɗa, ya rubuta awon a jikin katako. Shekari ya ninke ƙyallen ya sa a aljihu. A titi ya ga bas ɗin Samaru tana tahowa, kwandasta yana rataye a ƙofa yana kira. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. Sai da ya zauna, suka kama hanyar Palladan, ya lura hannun hagu ne ya ɗaga.